Allurar EPO da Raunin Ƙwaƙwalwa: Ta Yi wa Ɓeraye Aiki, Ina Batun Mutane?

Duk wanda ya taɓa jinyar mai wankin ƙoda ya san allurar EPO, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce 'yar allurar nan mai tsada da ake ajiyewa a firji, ake yi wa majiyyaci don jininsa ya ƙaru. Cikakken sunanta eritiropoyetin. Masu bibiyar wasanni kuma sun san ta ta wata fuskar, domin tana cikin abubuwan da Lance Armstrong, ɗan tseren keken nan na Amurka, ya amsa a 2013 cewa ya yi amfani da su, bayan an ƙwace kambunansa bakwai na gasar Tour de France. Abin da bai bazu sosai ba shi ne, tun wajen shekara ta 2000 likitocin ƙwaƙwalwa da na sashen kula ta musamman suke kai-kawo a kan wata tambaya daban: shin wannan allura za ta iya kare ƙwaƙwalwar wanda ya bugu a ka?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Ana ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 50 ne suke samun rauni a ƙwaƙwalwa kowace shekara a duniya, daga haɗarin mota da babur, faɗowa daga sama, duka ko harbi. Da yawansu matasa ne masu jini a jika. Kuma har yau, duk da ci gaban da likitanci ya yi, babu wani magani guda da aka tabbatar yana gyara ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka ji rauni.

Sai an fahimci yadda raunin yake tafiya kafin a gane dalilin da ya sa aka ɗora wa EPO buri. Rauni a ka hawa biyu ne. Na farko shi ne abin da ya faru a daƙiƙar da kai ya daki kwalta: ƙoƙon kai ya tsage, jijiyoyin jini sun fashe, zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa sun tsinke. Wannan aikin gama ya gama, babu likitan da zai iya mayar da shi. Na biyu kuwa yana biyowa ne a cikin sa'o'i da kwanaki. Ƙwaƙwalwa takan kumbura a cikin ƙoƙon da ba ya buɗawa, matsi ya hau, jini ya kasa isa inda ake buƙatarsa. Ƙwayoyin da suka ji rauni sukan zubo wani sinadari mai suna gulutamet fiye da kima, shi kuma ya buɗe wa sinadarin kalsiyam ƙofa ya cika ƙwayoyin da ke kusa, su ma su lalace. Wasu ƙwayoyin ma, da suka ga yanayi ya yi tsanani, sai su kunna tsarin kashe kansu da kansu. Kamar gobarar kasuwa ce: rumfar da wutar ta tashi ta riga ta tafi, kokawar da ake yi duk ta hana ta cin layin da ke gaba ce. Idan likitoci suka ce kariyar ƙwaƙwalwa, wannan hawa na biyu suke nufi.

Ita EPO jiki ne da kansa yake samar da ita, galibi a ƙoda, sai dai ɗan tayi a hanta yake yin tasa. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a jini, ƙoda takan sako ta, ta tafi ɓargo ta sa a ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Tun 1906 wasu masana biyu a Faransa, Paul Carnot da Clotilde Deflandre, suka yi hasashen akwai irin wannan sinadari, amma sai a 1977 Eugene Goldwasser na Jami'ar Shikago da abokin aikinsa Takaji Miyake suka tace shi, daga fitsarin masu tsananin ƙarancin jini da aka tara a Japan, fiye da lita 2,500. A 1985 aka gano ƙwayar gadon da ke sarrafa shi, a 1989 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na masana'anta don masu ciwon ƙoda.

A shekarun 1990 ne labari ya sauya. Masu bincike suka ba da rahoton cewa ƙwaƙwalwa ma tana yin tata EPO idan iska ta yi mata ƙaranci, kuma ƙwayoyinta suna da wuraren karɓar ta. To me sinadarin yin jini yake yi a inda ba a yin jini? A 1998 wata tawaga a Japan ƙarƙashin Masahiro Sakanaka ta nuna cewa idan aka zuba EPO kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar dabbar da aka tare wa jini, ƙwayoyinta sun fi tsira. Bayan shekara biyu Michael Brines da Anthony Cerami da abokan aikinsu suka fitar da binciken da ya ɗaga hankalin kowa: ko a jiki aka yi allurar, wani ɓangarenta yana ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, kuma yana rage ɓarnar da bugu ya yi wa ɓeraye. Daga nan bincike ya yi ta fitowa daga ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban, kusan duk bakinsu ɗaya. EPO tana kashe tsarin nan na kashe kai a cikin ƙwayoyi, tana rage kumburi, tana taimaka wa sabbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro, ɓeran da aka yi wa ita kuma ya fi saurin tuna hanya a gwajin da ake sa shi iyo a ruwa. Ga shi magani ne da aka riga aka sani, miliyoyin mutane sun yi amfani da shi, ana samun sa a kantin asibiti. Wa zai ga laifin wanda ya ɗauka an gama?

Gwajin farko a kan mutane ba a raunin kai aka yi ba, a shanyewar ɓarin jiki aka yi. A 2002 Hannelore Ehrenreich ta garin Göttingen a Jamus ta ba da sakamakon ɗan ƙaramin gwaji na mutum 40, ya kuma yi kyau. Da aka faɗaɗa shi zuwa mutum 522, sakamakon da ya fito a 2009 ya sanyaya jikin kowa. Kashi 16.4 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa EPO sun rasu, alhali a ɗaya rukunin kashi 9 ne. Mafi yawan majiyyatan an haɗa musu da maganin narkar da gudan jini, kuma ana zargin haɗuwar biyun ce ta jawo matsalar. Ko ma mene ne dalili, daga ranar aka daina kallon EPO a matsayin maganin da ba ya cutarwa.

Amma a daidai wannan tsakani wata alama ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A 2007 Howard Corwin ya fitar da sakamakon gwajin da ya jagoranta a Amurka a kan mutum 1,460 da ke kwance a sashen kula ta musamman. Manufarsa ita ce a ga ko EPO za ta rage buƙatar ƙarin jini. Ba ta rage ba. Sai dai da aka ware waɗanda haɗari ya kawo su, aka ga mutuwa a cikin kwana 29 ta kama kashi 3.5 a masu EPO, kashi 6.6 a waɗanda ba su samu ba. A gefe guda kuma daskarewar jini a jijiyoyi ta ƙaru. Wannan sakamako mai fuska biyu ya ƙara nuna buƙatar gwaji na musamman a kan raunin kai.

Manyan gwaje-gwajen biyu ne. Na farko Claudia Robertson ce ta jagorance shi a birnin Houston, daga 2006 zuwa 2012, da mutum 200 masu mummunan rauni, ana fara yi musu allurar cikin sa'a shida da haɗari. Ana tsaka da aikin labarin Jamus ya iso, dole aka rage yawan alluran da ake yi, lamarin da ya raba masu EPO gida biyu, kowane gida ɗan kaɗan. Da sakamako ya fito a 2014, babu shaidar cewa EPO ta inganta farfaɗowa bayan wata shida.

Na biyu, wanda har yau shi ne ma'aunin da ake komawa gare shi, sunansa EPO-TBI, Alistair Nichol da abokan aikinsa na Jami'ar Monash a Ostireliya suka shirya shi, mujallar Lancet ta buga shi a 2015. An ɗauki mutum 606 a asibitoci 29 na ƙasashe bakwai: Ostireliya, Niyu Zilan, Faransa, Jamus, Finlan, Ailan da Saudiyya. Ƙuri'a ce ta raba su, rabi aka yi musu EPO awo 40,000 a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako har zuwa sau uku, rabi kuma ruwan gishiri, ba likita ba majiyyaci babu wanda ya san wanne ne wanne. Bayan wata shida aka auna kowa da ma'aunin Gilasgo mai hawa takwas. Hawa na ɗaya mutuwa, na biyu rai ba tare da hayyaci ba, na uku da na huɗu naƙasa mai tsanani da mutum ba ya iya zaman kansa sai da mai kula, daga na biyar zuwa sama kuma wanda ya iya riƙe kansa, har zuwa wanda ya koma bakin aikinsa. Waɗanda suka tsaya a hawa huɗun ƙasa: kashi 44 a masu EPO, kashi 45 a masu ruwan gishiri. Wato babu bambanci. Abin da aka ji tsoro, gudan jini a jijiyar ƙafa, shi ma bai ƙaru ba: kashi 16 da kashi 18.

Da a nan maganar ta tsaya, da an rufe littafi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A cikin wannan gwaji, waɗanda suka rasu kafin wata shida kashi 11 ne a masu EPO, kashi 16 a ɗaya rukunin. Mutum biyar a kowane ɗari ba ƙaramin abu ba ne, musamman a cutar da ba ta da magani. Sai dai a lissafin masu ƙididdiga bambancin bai kai matakin da za a kafa hujja da shi ba. Da a ce allurar ba ta yin komai, irin wannan tazara za ta iya fitowa da katari kimanin sau bakwai a gwaji ɗari, ƙa'idar da aka saba bi kuwa ita ce sai abin ya yi ƙasa da sau biyar. Masu goyon bayan EPO suna cewa ruwa ba ya tsami banza: an ga alamar a gwajin Corwin, an sake ganin ta a nan, kuma idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu rauni aka haɗa lissafinsu wuri guda, raguwar mutuwar takan fito, kimanin kashi ɗaya cikin uku. Masu shakka kuma suna cewa cikin abin da aka tattara akwai ƙananan gwaje-gwaje masu raunin tsari, kuma mutuwa ba ita ce tambayar da aka shirya manyan gwaje-gwajen don amsawa ba. Wanda ya yi ta tono a cikin sakamako bayan ya fito, ba zai rasa abin da zai burge shi ba.

Ni a ganina akwai abin da ya fi wannan gardama nauyi, kuma lissafi ne da kowa zai iya yi. Idan mutuwa ta ragu da kashi biyar amma jimillar hawa huɗun ƙasa ba ta motsa ba, ina waɗanda suka tsira suka shiga? A cire 11 daga 44, saura 33. A cire 16 daga 45, saura 29. Ke nan a rukunin EPO an fi samun masu rai da ke cikin naƙasa mai tsanani. Rai dai rai ne, kuma uwa ko matar da aka ce mata ɗanta ko mijinta zai rayu amma sai an riƙa ɗaga shi ana kwantarwa, sau da yawa za ta ce alhamdu lillahi ta karɓa. Ba hurumin marubuci ba ne ya yanke mata hukunci. Abin da nake cewa shi ne, maganin da ya hana mutuwa bai ƙara yawan masu komawa hayyacinsu ba, bai cancanci a kira shi mai kare ƙwaƙwalwa ba. Wataƙila ma aikin nasa, idan akwai, ba a ka yake ba. Da masu gwajin suka sake duba bayanansu, sun ga alamar ta fi ƙarfi a waɗanda suka haɗa raunin kai da rauni a wasu sassan jiki, kuma mutanen Corwin ma ba duka ne masu raunin kai ba.

Daga baya Markus Skrifvars na Finlan ya jagoranci bin sawun mutanen EPO-TBI har tsawon kimanin shekara shida, aka fitar da sakamakon a 2023. Babu tabbataccen bambanci, ko a yawan masu rai ko a yadda suke gudanar da rayuwarsu. Su kansu masu binciken na Ostireliya sun sauya akalar tambayar. Gwajin da suka tsara daga baya, EPO-TRAUMA, na mutum 2,500 ne masu mummunan rauni ko a ina yake a jiki, waɗanda ke kan na'urar numfashi.

Me ya sa abin da ya yi wa ɓera aiki ya ƙi yi wa mutum? Akwai batun yawan magani. A gwaje-gwajen dabbobi an saba ba da awo 5,000 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Awo 40,000 ga mutum mai kilo 80 kuwa 500 ne a kilo, kashi ɗaya cikin goma ke nan, ga shi kuma EPO babban sinadari ne, ɗan kaɗan ƙwarai ne yake ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai batun lokaci. Ɓera a ɗakin gwaji yakan samu allurarsa cikin mintuna ko 'yan sa'o'i, mutumin EPO-TBI kuwa an ba da damar a yi masa har zuwa sa'a 24, kuma allurar ƙarƙashin fata a hankali take shiga jini. Sannan ɓerayen duk sa'o'in juna ne, lafiyayyu, an yi musu rauni iri ɗaya a wuri ɗaya. A asibiti kuwa wannan jini ne ya taru masa tsakanin ƙoƙo da ƙwaƙwalwa, wancan zaruruwa ne suka tsintsinke ko'ina, na uku ya sha giya kuma ga karaya a cinya, amma duk an zuba su a rukuni ɗaya saboda makinsu a ma'aunin zurfin suma ya yi kusa. Har ginshiƙin maganar ma an taɓa shi: a 2006 wasu masanan kamfanin Amgen, wanda shi ne ya fara sayar da EPO a Amurka, sun nuna cewa kayan gwajin da aka yi amfani da su wajen gano wuraren karɓar EPO a sassan jiki suna kama wasu sinadarai daban, don haka wasu daga cikin rahotannin farko suna buƙatar sake dubawa.

Mai karatu zai iya cewa to a ninka maganin mana. An gwada hakan, a jarirai, inda aka ba da awo 1,000 a kilo. Gwajin PENUT na 2020 a Amurka ya ɗauki bakwaini 941, bai ga amfani ba. Gwajin HEAL na 2022 ya ɗauki jarirai kimanin 500 da iska ta yanke musu wajen haihuwa, shi ma babu amfani, kuma munanan illoli sun fi yawa a masu EPO. Ga manya kuma haɗarin a bayyane yake. EPO tana kaurara jini, tana ƙara wa ƙwayoyin da ke daskarar da shi kuzari, tana ɗaga hawan jini. Tun 2007 hukumar magungunan Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a kwalinta, a 2009 kuma gwajin TREAT ya nuna cewa 'yar'uwarta dabepoyetin ta kusan ninka shanyewar ɓarin jiki a masu ciwon suga da ƙoda. Shi ya sa Brines da Cerami suka koma neman wani nau'i da zai kare ƙwayoyi ba tare da ƙara jini ba. An ƙirƙiro irinsu, kamar wanda ake kira ARA 290, amma babu wanda ya zama maganin raunin kai.

EPO ba ita kaɗai ta sha wannan kaye ba. Shekara da shekaru likitoci suna ba masu raunin kai magungunan sitiroyid don rage kumburi, sai da gwajin CRASH na 2004 mai mutum 10,008 ya nuna cewa suna ƙara mutuwa ne, kashi 21 maimakon 18 a cikin mako biyu. Sinadarin furojestaron ya faɗi a manyan gwaje-gwaje biyu a 2014. Sanyaya jikin majiyyaci tun da wuri ya faɗi a gwajin POLAR na 2018. Darasin sitiroyid ya fi kowanne ɗaci, domin an daɗe ana ba da shi da kyakkyawar niyya da hujja mai shiga hankali, kafin a gano ana yin ɓarna.

Abin da ya rage a hannu ba shi da armashin sabon magani, amma yana da shaida. Ƙwaƙwalwa kashi biyu ce cikin ɗari na nauyin jiki, amma tana cinye kashi ashirin na oksijin, don haka ba ta jure yankewa. Bayanan da Randall Chesnut ya fitar a 1993 sun nuna cewa idan awon hawan jinin mai mummunan rauni ya faɗi ƙasa da 90 ko sau ɗaya ne, haɗarin mutuwarsa yakan ninka. Buɗe hanyar numfashi, tsayar da zubar jini, hoton kai da wuri, da fiɗa don kwashe jinin da ya taru, su ne kariyar ƙwaƙwalwar da aka tabbatar. Gwajin CRASH-3 na 2019, mai mutum 12,737 a ƙasashe 29, har da Najeriya, ya nuna cewa allurar turanezamik, wadda ba ta da tsada, tana rage mutuwa a masu rauni marar tsanani da matsakaici idan aka yi ta cikin sa'a uku. Batun ƙarancin jini ma, wanda shi ya fara jawo EPO cikin sashen kula ta musamman, ya samu sabon haske a 2024, lokacin da gwajin TRAIN ya nuna cewa ƙara wa masu raunin ƙwaƙwalwa jini tun da wuri ya fi a jira sai ya yi ƙasa sosai. Kafin duk wannan kuma akwai hular kwano, wadda bincike ya nuna tana rage raunin kai da kimanin kashi 69, mutuwa kuma da kimanin kashi 42. Da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tilasta sa ta a farkon 2009, har kafofin labarai na ƙetare sai da suka ba da labarin 'yan acaɓar Kano da suka riƙa kifa ƙwarya a ka. An yi dariya a lokacin, amma ƙwarya ba ta tare kwalta.

Saboda EPO tana nan a kantunan magani don masu ciwon ƙoda, ba abin mamaki ba ne dangin wanda ke cikin doguwar suma su ji labarinta a intanet, su tambayi likita ko za a gwada. Tambayar halas ce, amsarta kuma a yau ita ce a'a. Shaidar da ake da ita ba ta nuna tana dawo da hayyaci ko rage naƙasa ba, batun rage mutuwa kuma alama ce da ba a tabbatar ba, ga haɗarin gudan jini a jikin wanda ke kwance ba ya motsi. Wurin EPO a raunin kai shi ne cikin gwajin da aka tsara, mai sa ido da amincewar dangi. Kuɗin da za a kashe a kanta, gara a kashe shi a hoton kai, jini, da gaggauta kai majiyyaci asibitin da ke da likitan fiɗar ƙwaƙwalwa.